Inda Hadari Ke Yada Zango

Ƙarfe uku na dare, ofishin yanayi, Bor Sudan.
Fanka na nishi. Ohaj ya bar mini jabana a kan tebur,
citta ta yi yawa, kamar kullum.
Ina gaban allo, ina kiwon garken da ba nawa ba.

Can tsakiyar tekun Indiya
hadari ya sake ɗaure kaya.
Ba irin wanda ke haɗowa bayan la'asar ba ne,
wannan faɗinsa ya haɗiye ƙasashe,
tafiyarsa kuwa ta mai keke ce da ba ya sauri.
Kwana arba'in, wani sa'in hamsin, sai ga shi,
kullum fuska gabas, kamar mai niyya.

A kan ruwa ba ya sanin yunwa.
Teku ta ba shi tururi, ya mayar mata da ruwa,
ba ciniki, ba canji.

Sai ya iso Sumatara.
Sai Jawa, sai Borniyo, tsibiri na bin tsibiri,
duwatsu sun tokare masa ƙirji.
Ga shi kowane tsibiri da ɗan hadarinsa na yamma:
rana ta gasa ƙasa, iskar gaɓa ta hau tudu,
kafin a kira magariba an sheƙa an ɗauke.
Wannan ya ɗiba, wancan ya ɗiba,
tamkar buhun gero a gidan yawa.
Babban ayari ya wayi gari ba guzuri.
Wani kan ratse ta kudu, ya tsira da rabin jiki.
Wani nan yake watsewa,
allo ya koma shuɗi kamar ba a yi ba.

Na san wannan tafiya.

Kakana Ilu ya bar Rano a ƙasa,
sanda, buta, da allura a cikin hula.
Damina biyu a Wadai,
auduga a Jazira har yatsu suka tsage,
ɗinki a bakin kasuwar Kasala.
Shekara bakwai kafin ya ji warin gishiri.
Ya shigo Sawakin, tsibirin gidajen murjani,
ya ga jirgin Jidda da idonsa,
har ya tambayi kuɗin kujera.

Ba wanda ya tare shi.
Kuɗin ne suka zube da kaɗan-kaɗan:
maganin zazzaɓi,
jaki don tallan ruwa,
sadakin Tabawa,
ragon suna,
wani ragon sunan,
rufin ɗaki da ruwan hunturu ya karya.
Kowace yamma da nata yayyafi.
"Baɗi," yake cewa, yana kallon hayaƙin jirgi.
Da baɗin a baki aka kai shi makwanci.

Ni na haye ruwan nan a dare ɗaya.
Barci ma na yi.
Da na sauka Jidda na rasa wa zan faɗa wa
cewa faɗinsa bai kai shekara bakwai ba.

Asuba ta kusa. Ohaj ya leƙo:
"Me za mu rubuta?"
Kalmar tana nan a takarda, ita muke sawa kullum:
ya raunana.
Na ɗaga biro, na tsaya.

Don na taɓa ganin hoton Jawa daga sama,
shinkafa hawa-hawa a jikin dutse,
kore shar, har ido ya gaji.
Ruwan da bai ƙarasa gabas ba
ai wani wuri ya sauka.
Mu talatin da ɗaya ne yau, jikokin Ilu,
daga Sawakin har Gadarif,
a cikinmu akwai mai gyaran injin jirgi.

Na rubuta: ya raunana.
Aiki aiki ne.

A waje mai karo ya fara buga durom,
yana kiran masu sayen ruwa.
Jabana ta huce. Na shanye ta haka nan.
Can gefen allo, yamma da Maldif,
wani farin tabo ya fara tara kansa.